Guntun Bututu a Gonar Toranke

"Ba zan yanke shi ba, Baba," in ji Zulfa.

Alhaji Bubayero, aminin mahaifinta, bai janye hannunsa ba. Zarton yana nan miƙe a tsakaninsu, ita kuma tana tsugune a gindin bango da sifana a hannu. Saman kanta boila ce a rataye, na'urar dafa ruwa, fara sol kamar ƙaramin firji, wadda ya sayo don ɗumama ɗakuna uku na 'yan tsaki a gonarsa da ke Toranke. Kwana tara ta yi tana shimfiɗa bututai a ƙarƙashin daɓen siminti, yadda ruwan zafi zai riƙa zagayawa, ƙasa ta ɗauki ɗumi ba gawayi ba hayaƙi. Aikinta na farko ke nan da sunanta tun da ta gama karatun fasaha a Kano. Jibi 'yan tsakin za su iso.

Rigimar a kan wani guntun bututu ce mai kauri, bai wuce taƙi biyu ba, wanda ya haɗa layin da ke fitar da ruwan zafi da wanda ke dawo da shi. Malam Sagiru ne ya hango shi da safe. Shi ya haɗa wa gonar tanki da rijiyar burtsatse, shekara ashirin yana aikin famfo tsakanin Gaya da Ajingi. Ya ce shi dai a saninsa ruwa hanya ɗaya yake bi, daga tanki zuwa kan famfo, in ka nuna masa yanke kuwa zai juyo ya bar ɗakunan da sanyinsu.

Sau biyu ta yi bayani. Injin tura ruwan da ke cikin boilar ƙarami ne, ba zai kai ruwa ɗaki uku ba, shi ya sa ta ƙara babba a waje. Guntun bututun ne ke barin kowane inji ya juya ruwansa ba tare da sun ja da juna ba. In aka cire shi, boilar za ta riƙa kashe kanta, ɗakin ƙarshe ya huce, kuma ɗan tsako ba ya jiran gyara. Har ta zana musu da ƙusa a kan yashi.

"Injiniya, yanzu ruwan ma boko ya yi?" in ji Malam Sagiru. Shi kaɗai ya yi dariya.

Alhaji ya ce ba don takarda ya kira ta ba, don ita 'yar marigayi Malam Haruna ce. Ya ce bai taɓa ganin inda ɗiya ta tsaya musu da sa'an ubanta ba. Takalminsa na kan zanen.

"Gonarka ce, Baba. Amma ba da hannuna ba."

Ya miƙa wa Malam Sagiru zarton.

Ta tattara kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya, ta goge kowanne kafin ta sa a jaka. Tana jin ƙarar zarton a bayanta. Ta yi zaton za ta ji haushi, ko kuka ya zo mata, amma babu abin da ya zo. Ruwan gwajin da ta cika jiya ya kwararo a kan simintin, ya jiƙa mata silifas. Ta yi sallama, ba a amsa ba, ta tare babur a bakin titi.

Kafin ta isa Gaya, wani mai gona a Kademi da ya yi alkawarin zuwa ganin aikin don ta yi masa irinsa ya bugo waya. Ya ce a dakata tukuna, zai neme ta. Ta ce to.

A gida ta tarar da mahaifiyarta, Hajo, tana tsince wake a tsakar gida. Labari ya riga ta isowa. Hajo ba ta ɗaga kai ba, ta tambaya ko za ta koma ta ba shi haƙuri.

"In ya mayar da bututun, Inna."

Hajo ta ci gaba da tsintar wakenta. Zulfa ta zauna a bakin ƙofa, jakar na kan cinyarta. Ta rasa aikin Toranke, ta rasa na Kademi, kuma aminin mahaifinta ya daina amsa gaisuwarta. Ranar isowar 'yan tsakin ta zo ta wuce, ba wanda ya zo ya gaya mata yadda suka kwana, ita ma ba ta tambaya ba.