Jarka Biyun da Suka Ɓata a Fagge

Jarka biyu ne suka hana Munachi sukuni. 'Yar Sabon Gari ce, ƙaramar malama a jami'a, tana digirin digirgir a kan tattalin arzikin ruwa. Wata huɗu ta yi tana bin gidajen wani layi a Fagge da takardar tambayoyi. A gidaje da dama sai a ce mata jarka shida ake saya kullum a wurin mai garuwa, amma in ta haɗa na sha, wanka, wanki, girki da alwala, huɗu kacal take gani. Farfesan da ke duba aikinta ya faɗa mata ƙarara: ko ta nemo ruwan nan kafin Litinin, ko a ɗage kare kundinta sai baɗi.

Ranar Asabar ta hau adaidaita ta koma gidan Iya Silifat mai atamfa, ɗaya daga cikin gidajen da lissafinsu ya ƙi cika.

"Iya, don Allah mu sake dubawa. Ko dai jarkarki tana yoyo?"

"Jarkata lafiyarta ƙalau, Malama. Bironki dai za a duba."

Munachi ta yi dariyar yaƙe. Ta wuni tana bin kowane bokiti da ido, har zafi ya koro ta ƙofar gida tana fifita da takardunta. Can sai ga wani ɗan dako daga kasuwar Singa, gumi sharkaf. Ya ajiye baro, ya buɗe randar da ke gindin bango, ya kamfato moɗa ya kwankwaɗe. Bayansa mai adaidaita, bayansa wata mai tallan gyaɗa. Ba wanda ya nemi izinin kowa.

Ta ruga ciki, takalmi ɗaya a baya.

"Iya! Randar waje, wa ke cika ta?"

"Ni mana. Jarka biyu kullum."

"Haba Iya! Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Ke kika ce ruwan da muke amfani da shi a gida. Wancan ai na masu wucewa ne. Kuma wa ke rubuta sadakarsa a takarda, 'yar boko?"

Munachi ta leƙa layin: randa nan, kular ruwa can, wata randar a jikin masallaci. Wata huɗu tana wuce su, har ta taɓa sha.

Ranar Litinin Farfesa ya daɗe yana kallon sabon layin da ta ƙara a jadawalinta, "ruwan ƙofar gida". Ya cire tabarau, ya sosa ƙeya.

"Mu ma fa akwai ɗaya a gidanmu," in ji shi.

Ya jawo biro ya sa hannu.