Rawaya a Bayan Rumbu

Idanun Jibrin ne suka fara canzawa. Ya dawo daga majema da azahar, ƙanwarsa Saudatu ta miƙa masa ruwa, sai ta ga farin idonsa ya koma kamar ƙwaiduwa.

"Mi kika kallo haka, Auta? Ko kyau niƙ ƙara?" in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Ba a daɗe ba ya kasa tashi, ƙanshin miya ma tayar masa da zuciya yake yi. Mahaifiyarsu Inna Rabi, wadda shi kaɗai ne ɗanta namiji, ta aiki Saudatu Ƙofar Atiku ta kira Delu mai magani. Tsohuwar ta danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya yi ƙara.

"Shawara ta, Rabi, ta sauka ga hanta," in ji Delu. Ta kwance bakin zane ta fito da saiwar rawaya. "A jiƙa, shi sha safe da marece. Ban da mai, ban da kitse. Ku yi tattali, ita kaɗai ta rage mini."

Saudatu ce ke jiƙawa. A hankali ya fara shan kunu, har wata safiya ya jingina da bango yana tsokanarta, wai da gangan take ƙara ɗacin. Sai dai maganin rini ne da shi. Ƙoƙon ya rine, leɓensa da harshensa ma haka.

Inna ta ƙura wa bakin nan ido.

"Yaro ya cika da rawaya har ido, ke kuma kina ɗura mishi wata? Dubi bakinai!"

"Inna, rini na kawai, irin na fata. Ba ki ga ya samu sauƙi ba?"

"To, ke kika haihe shi. Kawo ƙoƙon. Daga yau ni ka ba shi, ke tai ki yi daka."

Saudatu ta miƙa. Wa zai yi musu da Inna?

Sauƙin ya tsaya, daga baya ya juya. Ciki ya kumbura, ƙafafu ma. Ɗakin ya riƙa ƙanshin man shanu, Inna ta ce fitila ce. Ranar da Saudatu ta zagaya bayan rumbu neman ƙwan zabuwa, ta tarar da ƙasa ta yi rawaya, zubi kan zubi. Ga guntayen saiwar nan kaji sun tone, ruwan sama ya ruɓar da su.

Da gudu ta isa wurin Delu, ko mayafi ba ta ɗauka ba.

"Ɗiyata, ƙetaren gulbi nika haƙo ta," in ji tsohuwar, "ga shi gulbi ya kawo. Sai ruwa ya janye."

Da ta dawo, Inna na zaune ta tallafe kan Jibrin, tana ba shi tuwo mai iyo cikin man shanu don ya yi ƙarfi.

"Kin gani? Bakinai ya washe," in ji Inna, har da murmushi.

Leɓen ya washe kam. Idon kuwa ya fi da. Jibrin ya juyo da ƙyar.

"Auta, ruwan ɗacin nan naki ya ƙare, ko? Har na fara marmari nai."

Ta ce, "Ya ƙare, Yaya."

Ya rasu tun gulbi bai janye ba. Wurin zaman makoki Saudatu ta ji Inna na gaya wa mata, muryarta a dishe, cewa ta yi iyakar yinta, ta ma raba shi da maganin nan da wuri, amma kwana ya ƙare. Delu na cikin matan, ta ɗago kai.

Saudatu ta tashi ta ɗauki kasko, ta ɗebo yashi a zaure, ta zagaya bayan rumbu. Ta zuba, ta tattake da ƙafa, ta sake ɗebowa, har sai da launin ya ɓace.