Ku Tambaye Shi Yadda Yake Salla

Ga ta nan, ga ta nanku! To, tunda kun ce ta zo ku ji ta, sai ku gyara zama.

A wani ƙauye can gefen Kokand akwai Norkul da matarsa Tursunoy. Da ƙuruciyarsa injin gurzar auduga ya kama masa ƙafar hagu, likitocin gwamnati suka sa shi a rukuni na uku na naƙasassu, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ya ci gaba da lallaɓawa yana gadin gonar inabi. Kwatsam ciwon suga ya bi ta ƙafar dama, ta mutu murus, ko ƙaya ya taka ba ya ji. Gadi ya gagara.

Tursunoy ta san abu guda: in ba a ɗaga shi zuwa rukuni na biyu mai ƙarin kuɗi ba, kafin sanyi ya shigo sai an kai saniyarta Olacha kasuwa. Saniyar nan kuwa a hannunta aka haife ta.

Ai bara ma sun je gaban likitocin. Da aka ce masa, "Baba, ya jiki?" sai mutumin naku ya ciji leɓe ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji ya ce, "Shukur!" Wato an gode Allah. Aka rubuta jiki na nan yadda yake, aka sallame su.

Saboda haka bana da takardar kira ta zo, Tursunoy har da rawa a bakin tanderu. Kwana bakwai tana horar da shi. Ta yafa farin zane kamar likita, ta ɗora madubin idon ƙanwarta a hanci, ta kumbura murya.

"Baba, ya jiki?"

"Shukur."

"Kai, Baban Sabohat! Ka ce da zafi!"

"Da zafi, shukur."

"Allah ya shirye ka! Ka ce ba ka iya tafiya."

"Yo ni da ubana ya mutu yana cewa da sauƙi? Ke so kike in je gaban sa'o'in 'ya'yan cikina ina kai ƙarar Ubangiji?"

"Ni ƙarar ƙafa na ce ka kai! Ƙafa, malam!"

Ranar zuwa maƙwabci ya kai su gunduma a motarsa, Tursunoy tana ta zuba kamar an kunna rediyo. Ta ma hana shi aske gemu, wai kada ya yi kyau da yawa. A bakin ɗakin aka ce mara lafiya kaɗai zai shiga. Ta tura shi da sandunansa, ita kuma ta saƙala ƙafa ɗaya a ƙofa don kada ta rufe.

Likita uku ne, babbarsu wata mace mai furfura. Ta ɗago ta ce, "Baba, ya jiki?"

Tursunoy ta leƙo ta ƙofa. Ta ga Norkul ya kama gefen tebur, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa, amma sai da ya miƙe. Hannu ya tafi ƙirji.

"Shukur, 'yata."

Alƙalami ya fara tafiya a kan takarda. Tursunoy ta ji kamar kukan Olacha take ji a tsakiyar kasuwa. Ba ta san lokacin da ta banko ƙofa ba.

"Likita, don Allah ku tambaye shi yadda yake salla!"

Babbar likita ta ajiye alƙalami, ta dube ta, ta dubi tsohon.

"Baba, yaushe rabon goshinka da ƙasa?"

To, mutum zai ɓoye ciwo, amma wa zai yi ƙarya a kan salla? Norkul ya sunkuyar da kai.

"Azumi biyu ke nan. A kujera nake yi. Alwala ma ita ke wanke mini ƙafa, don ba na sanin ruwa ya taɓa ko bai taɓa ba."

"Zauna, Baba. Cire masa takalman nan, Inna, tunda kin riga kin shigo."

Suka soka allura a tafin ƙafa, Norkul yana kallon taga abinsa. Suka danna, suka auna, suka cika takarda har baya.

Bayan kwana goma mai kawo wasiƙa ta shigo gidan da gudu tana cewa a ba ta tukuici. Rukuni na biyu! Tursunoy ta rangaɗa guɗa, ta cika wa matar hannu da gurasa mai zafi, ta ruga garke babu takalmi ta rungume wuyan saniya.

Norkul ya leƙo ta taga. "Ni aka soka wa allura, ita ake runguma?"

"Kai ka ce shukur mana!"

Norkul dai har yau shukur yake cewa, a kujerarsa. Tursunoy tana nan tana ba da labarin a duk gidan biki, kullum yana ƙara tsawo. Olacha ba ta je kasuwa ba, da bazara ma ta haifi maraƙi.