Labulen Layin Majema

Keken dokin ya kasa shiga Layin Majema saboda ƙunci, dole matar ɗan takara ta sauko daga bakin layi, ta tattare siket ta tsallake kwata da ƙafarta. Tabitha Mossop tana tsaye a ƙofar gidanta da tsintsiya, tana kallon farin takalmin nan yana shan caɓi. Ko gezau ba ta yi ba, don ta san ba wurinta za a zo ba. Mijinta ya daɗe a ƙasa, mace kuwa ba ta da ƙuri'a, shi ya sa masu yawon neman zaɓe ba su taɓa ɓarnar "ina kwana" a kanta ba.

Gidan da ke manne da nata aka nufa, gidan Obadiah Gedge, baduku mai ɗinkin sirdi, wanda ciwon ƙirji ya kayar tun shigowar sanyi. Tabitha ta jingine tsintsiya ta bi baya. Ai tana da hurumi: duk layin nan ita ke jinyar mara lafiya, in ya ƙi tashi kuma ita ke wanke shi.

Obadiah yana kwance a ƙuryar ɗaki, an tokare shi da matasai. Matarsa Keziah ta goge kujera da gefen zaninta na aiki ta miƙa wa baƙuwa.

"Mista Gedge, sunana Cecily Fenwold," in ji yarinyar, tana ajiye kwanon romo. Da jin muryarta haddace maganar ta yi a hanya. "Na zo roƙon arziki ne a madadin maigidana."

"Ranki ya daɗe, kin makara," in ji Obadiah. Ya yi tari mai tsawo kafin ya ci gaba. "Ƙuri'ata surukarki ta karɓe tun kina zanin goyo. A ƙofar nan na ba ta hannu, lokacin da take yi wa mijinta yawo. Yau ɗanta ne ya fito. To, ni ba na ciniki biyu."

"Ji shi don Allah," in ji Keziah. "Mutumin da ko bayan gida sai an riƙe shi."

"Ke Keziah, rufa min asiri gaban baƙi mana."

Misis Cecily ta yi dariya, kunya ta ɗan sake ta. Ta ce ran Alhamis, ranar zaɓe, za a turo masu kujera su ɗauke shi zuwa keke, a kai shi dandalin kasuwa. Ba wata wahala zai sha ba, illa a hau da shi dandamali ya faɗi sunan wanda yake so a gaban jama'a kamar yadda ya saba, a dawo da shi gadonsa.

"Ko a akwatin gawa ne a kai ni," in ji shi.

Da za ta fita ta ɗaura shuɗin ƙyallen jam'iyyarsu a tagar ɗakin gaba, don duk mai wucewa ya san gidan na Fenwold ne. Tabitha ta taɓe baki. Wa bai sani ba? Layin Majema kaf, daga bututun hayaƙi har dutsen bakin ƙofa, mallakar Fenwold ne. Sai dai bana 'yan hamayya, masu ƙyalle ruwan ɗorawa, sun tsayar da mai masaƙar garin, kuma ana ta cewa tazarar ba za ta wuce a ƙirga da yatsu ba.

Romon nan Obadiah bai sha ba. Ƙanensa Enoch ne ya shanye, wani ɗan ƙodago da ya zo dubiya daga ƙauye ya ƙi komawa, yana zaune a kicin kullum yana jin ɗumin murhu. Kamarsu ɗaya da Obadiah kamar an tsaga kara, sai dai shi ba gida, ba sana'a, ba ƙuri'a.

Kullum jikin sai baya yake yi, amma bakin yana nan. Ya sa Keziah ta kaɗe masa baƙin kwat ɗinsa na zuwa coci, ta goge doguwar hula, aka rataye su a kujera inda zai riƙa ganinsu. In Tabitha ta shigo juya shi sai ya ce, "Misis Mossop, na ga kina auna ni da ido. Ki dakata sai bayan Alhamis."

"Ni ban ga abin aunawa ba," in ji ta. "Ƙashi ne da surutu."

Ran Alhamis gari ya waye da yayyafi. Daga dandali aka fara jiyo ganga da ƙaho. Obadiah ya buɗe ido ya saurara, ya ce wa Keziah, "Mai ƙahon nan har yau bai iya ba." Ta je ɗebo masa ruwa. Kafin ta dawo ya cika.

Keziah ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a bakin gado da kofin a hannu, ta ce, "Tabitha, ya tafi bai sha ruwan ba."

Tabitha ta yi abin da ta saba. Ta rufe masa ido, ta ɗaure haɓa da farin ƙyalle, ta miƙar da ƙafafu. Ta tsayar da agogon bango, ta lulluɓe madubi. Abu ɗaya ya rage, shi kuwa ba aikinta ba ne. Matar mamaci ce ke sauke labulen tagar gaba da hannunta, maƙwabta su gani su sauke nasu, maza masu wucewa su cire hula, wani ya ruga ya gaya wa mai kaɗa ƙararrawar coci. Ko mashayin da ya mutu a kwata bara sai da aka yi masa haka.

Keziah ta kai hannu kan igiyar labule ke nan aka turo ƙofa. Ba masu kujera kaɗai ba ne. Tsohuwa Madam Fenwold ce da kanta, uwar ɗan takara, da sandarta da shuɗiyar hula, surukarta na biye da ita. Ta dubi madubin da aka rufe, ta dubi agogo. Ba sai an gaya mata ba.

Ta shiga ƙurya ta tsaya a kansa jim. "Shi ya ɗinka wa mijina sirdinsa na ƙarshe," in ji ta. "Allah ya jiƙansa." Tabitha ta ga idonta ya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba ne. Sai dai da ta fito idon ya sauka kan Enoch, wanda ya leƙo daga kicin, daga nan ya koma kan kwat da hular da ke rataye.

"Misis Gedge, saki igiyar nan tukuna."

"Ranki ya daɗe?"

"Sai an rufe zaɓe da yamma. Ya yi min alkawari, kin ji da kunnenki. Ƙanensa zai cika masa. A naɗe shi da bargo, a ja masa mayafi har hanci, kowa ya san Obadiah ba lafiya."

"Mama," in ji Misis Cecily a hankali, "mutumin fa ya rasu."

"Na gani, 'yata. Shekara talatin ina wannan yawo, ke jiya kika fara. Je ki jira a keke."

Keziah ba ta saki igiyar ba. "Shekara arba'in muna tare," in ji ta. "In bar shi kwance kamar ba a yi komai ba? Mutane suna wucewa da hula a ka?"

"Yini ɗaya ne." Madam Fenwold ta dubi bangon ɗakin, ta dubi murhu. "Kin saba da gidan nan. A ƙa'ida in magidanci ya mutu akan ba wani hayar gidan, amma ni ban ga dalilin da zai sa ki tashi ba. Ki zauna a bakin taga da saƙarki, a ga komai lafiya."

Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Keziah ba ta da ɗa, ba ta da inda za ta, sai gidan gajiyayyu da ke bayan gari, inda ake aske wa tsofaffi kai. Ta saki igiyar.

Enoch ya zura kwat ɗin yayansa yana kuka kamar yaro, aka ɗora shi a kujera aka fita da shi. Keziah ta bi su har ƙofa. "A dawo min da kwat ɗin," in ji ta.

Tabitha ta zauna da ita na ɗan lokaci. Wani ɗan giya mai shuɗin ƙyalle a hula ya wuce, ya ƙwanƙwasa gilashin taga. "Misis Gedge! Na ga tsohonki a dandali, ashe da sauransa! Ki dafa masa nama yau!" Keziah ta gyaɗa masa kai. Alluran saƙa suna hannunta, ba su motsa ba.

Tabitha ta wanke gawa ta fi a ƙirga, ba ta taɓa jin haushi irin na yau ba. Ta miƙe ta ce, "Bari in duba wutata."

"Tabitha, kar ki gaya wa kowa. Na yi alkawari."

"Ke kika yi. Ni ba wanda ya taɓa neman alkawarina."

Ta shiga gidanta. Shi ma na Fenwold ne, ta sani sarai. Ta ɗan tsaya a tsakar ɗaki tana goge hannu a zani, sannan ta je ta sauke labulenta har ƙasa.

Matar mai gasa burodi da ke tsallake ce ta fara gani. Ta leƙo, ta dubi tagar Tabitha, ta dubi Keziah a zaune kamar gunki, ta tuna kujerar da aka fita da ita da mutumin da ke kuka cikin mayafi. Ta koma ciki. Labulenta ya sauka. Na kusa da ita ya bi. Ba wanda ya ce da wani uffan.

Can sai ga Silas Varley, lauyan masu ruwan ɗorawa, ya ratso layin yana farautar waɗanda ba su fita zaɓe ba. Ya ci birki, ya waiga hagu ya waiga dama, ya buga ƙofar Tabitha.

"Misis Mossop, wa ya mutu a layin nan?"

"Wa ya ce maka an mutu?"

"To labulen fa?"

"Rana ce ta dame ni."

Ya ɗaga kai sama, ruwa ya ɗiga masa a hanci. Ya buga ƙofa ta gaba, aka ce masa ciwon ido. Ta gaba kuma ba a buɗe ba. Ya dubi taga ɗaya tilo da ke buɗe, ya ga tsohuwa da saƙarta, ya ɗaga mata hula don gaisuwa ya wuce yana gunaguni.

Daga dandali aka jiyo shewa, ƙahon nan ya sake kwarara kuskurensa. Tabitha ta ɗan ɗaga gefen labulenta ta leƙa. Tsohon majemi Amos Tull ne ke tahowa daga bakin layi, yana jan ƙafa. Ya ga tagogin, ya tsaya. Bai tambayi kowa ba. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya bi layin tun daga farko har ƙarshe, ruwa na sauka a sanƙonsa, bai dubi kowane gida ba.

Keziah ta bi shi da ido har ya sha kwana. Sannan ta ajiye saƙar a cinya, ta zauna tana kallon labulen maƙwabta, shuɗin ƙyallen yana rataye a saman kanta.