Ƙusar Ƙarƙashin Totur

Shekara talatin Malam Dalhatu ya yi yana kanikanci a Tudun Wada, bai taɓa jin tsoron inji ba sai ranar da ɗansa Uwais ya sauke masa wani a ƙofar gareji. Mai fulogi shida ne, daga wata ƙatuwar mota aka ciro shi. Uwais kuwa so yake a dasa shi a 'yar jar motarsa mai ƙofa biyu, wadda in ka zauna a ciki sai ka ji kamar a kan kwalta kake.

"Kai Uwais, ina za ka da wannan? Makka?"

"Baba, auren Haidar ne Asabar ta sama. Abokan ango kowa zai fito da motarsa."

Dalhatu ya san abin da ake nufi. Da an shafa fatiha samari za su tafi fili, a yi ta juya motoci, taya na hayaƙi, 'yan kallo na ihu. Ya sha ganin abin da ake janyowa daga irin wannan fili.

"Ba zan ɗora ba," in ji shi.

"Shi ke nan. Gwadabe na Gyallesu ya ce kwana biyu ya ishe shi."

Dalhatu ya sake kallon injin. Ya san aikin Gwadabe, mutumin da inda noti ya ƙi shiga sai ya ɗaure da waya. Ya ce a turo motar ciki.

Kwana shida ya yi a kanta. Ya yanke mazaunin inji ya sake waldarsa, ya sa babban lagireto, ya lanƙwasa sabuwar salansa. Tare da injin an kawo manyan fayafayan birki, waɗanda sai an kai wa masu gyaran ƙarfe sun daidaita su kafin su zauna. Ya juya su a hannu, ya tura su ƙarƙashin benci. Yana da tasa dabarar. A da, masu motocin haya kan zo masa a ɓoye in direbansu ya cika zafin ƙafa, ya liƙa ƙusa mai kauri a ƙarƙashin totur, ko direba ya taka da ƙarfinsa duka ba zai wuce rabi ba. Ita ya yi wa ɗansa. Motar da ba za ta wuce tamanin ba, me za ta yi da babban birki?

Matarsa Atika kaɗai ya gaya wa.

"Malam, da ka faɗa masa gaskiya," ta ce.

"In faɗa masa ya cire? Ke dai ki yi shiru."

Da Uwais ya zo karɓar makulli ya tambaya, "Baba, an gama komai?"

"Komai," in ji Dalhatu, bai ɗago kai ba.

Ranar Asabar tun kafin la'asar Uwais ya dawo gida, ya shige ɗaki, ko abinci bai taɓa ba. Atika ce ta jiyo labarin a maƙwabta. Motar ta yi ta ruri a tsakiyar fili, amma ta kasa ko juyawa sau ɗaya. Wani ya ce muryar tirela, gudun keken ɗinki. Wani ya ce ya kai ta tasha ta riƙa ɗaukar tsofaffi zuwa asibiti. Dalhatu ya yi hamdala a ransa, ya ci tuwonsa.

Litinin da hantsi jar motar ta tsaya a ƙofar gareji. Uwais ya shigo ya yi gaisuwa a tsaye, ya ajiye guntuwar ƙusa a kan benci.

"Ga kayanka, Baba. Gwadabe ko minti biyar bai yi ba ya gano ta. Sai da ya ɗaga ta kowa ya gani."

Dalhatu bai kalli ƙusar ba. Durƙusawa ya yi, ya janyo fayafayan birkin da suka fara tsatsa.

"Uwais, tsaya ka ji. Birkin motar nan tsohon ne, ƙaramin. Ban canja ba. Ba zai riƙe injin nan ba. Bar min ita kwana biyu."

Uwais ya yi wata dariya marar daɗi. "Wancan karon totur. Wannan karon me za ka ɗaure?"

"Wallahi gaskiya nake gaya maka."

"Ranar nan ma ai cewa ka yi an gama komai."

"To ɗauki ka kai wa Gwadaben ya sa. Ko wa ka ga dama, kai masa."

"Abin da ya fito daga garejin nan ba zai ƙara shiga motata ba. Asabar akwai wani auren a Hanwa. Sai an jima, Baba."

Ya fita ya tada mota. Injin ya buɗe murya duka, tsaf, ba gargada ko kaɗan, don aikin hannun Dalhatu ne. Yana tsaye da fayafayan a ƙirjinsa yana bin ƙarar da kunne: giya ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ya san akwai wata muguwar kwana a titin nan gaba. Ya kasa kunne ko zai ji yaron ya sassauta, har ƙarar ta ɓace cikin hayaniyar titi.