Likitar Ɓeraye

A gida Likitar Ɓeraye ake ce wa Auta. Yayanta ne ya laƙaba mata, don tun da ta gama karatun magunguna ta tare a ɗakin gwaji na jami'a, kullum tana fama da zukatan ɓeraye. Mama ba ta sa baki a tsokanar, amma ba ta taɓa tambayar abin da ake yi a can ba.

Ran nan da hantsi Mama ta fito daga asibitin ido, ta biyo don Auta ta kai ta gida, sai ta iske ta tsakiyar aiki. Auta ta jawo mata kujera.

A kan tebur wata 'yar zuciya ce da ba ta wuce kan yatsa ba, rataye a bakin bututu. Ruwa mai ɗumi na bin jijiyoyinta a maimakon jini, tana ta bugawa. A gefe allon na'ura na zana bugun, layi na hawa yana sauka.

"Ikon Allah," in ji Mama. "Ina mai ita?"

"Sai da muka sa ɓeran barci kafin mu ciro ta, Mama, bai ji komai ba. Kin ga zaren nan? Na ɗaure jijiya ɗaya, kamar yadda take toshewa a jikin mutum. Anjima zan kwance."

"Sai ta samu sauƙi."

"Nan ne fa matsalar. Naman da ya jima ba jini, in jinin ya dawo masa gaba ɗaya, wani lokacin sai zuciyar ta rikice, ta yi ta karkarwa ba bugu."

Mama ta murza bakin mayafinta.

"Abin da ya sami babanku ke nan? Likita ya fito ya ce an buɗe jijiyar, har na fara godiya. Ban rufe baki ba aka sake kiransa."

"Shi ne, Mama."

Shekara da shekaru ba su taɓa zancen ranar nan ba.

"Wannan na sa mata magani a ruwan tun kafin in kwance," ta ce. "Waɗanda ban sa wa ba, yawancinsu rikicewa suke yi."

Ta kai almakashi ta yanke zaren. Layin ya yi tsalle, ya karkace, ya sake karkacewa. Can sai bugun ya koma daidai, ya ci gaba abinsa. Suka zuba wa allon ido har kafaɗun Auta suka saki.

"To a kai wa mutane mana," in ji Mama.

"Da sauran tafiya. Sai na maimaita sau da yawa, wasu ma su gwada su ga haka, kafin a zo kan mutum. Ƙila ma ba ni zan ƙarasa ba."

"Akwai wata yau?"

"Akwai, amma kin gaji. Bari in kai ki."

Mama ta tuɓe takalmanta ta tura ƙarƙashin kujera, ta gyara zama.

"Maganin da suka ɗiga mini bai gama sakina ba, dishi-dishi na ga wannan. Ɗauko ta gaban, ki matso mini da allon."