Bebi Ta Rasu

Tun shigowar sanyi, aikin Turai na farko kowace safiya shi ne jinyar mage. Kafin ta tafi jami'a sai ta rataye ledar ruwan magani a ƙusar labule, ta tsuguna ta kama fatar wuyan Bebi ta soka allura. Baffa Jafaru kuwa yana zaune a ƙasa, ya tallafi kan magen a tafinsa yana jera mata sannu.

Ƙodarta ce ta gaza. Likitar dabbobi da ke hanyar McLeansville ta faɗa musu gaskiya tun farko, cewa babu batun warkewa, sai dai a sassauta mata, in kuma wahalar ta yi yawa akwai allurar da za ta hutar da ita gaba ɗaya. Baffa ya ce ba shi ya ba ta rai ba, ba kuma shi zai karɓe ba. Likitar ba ta ja da shi ba. Ta koya wa Turai yadda ake ɗura ruwan, ta haɗa su da maganin amai da na ciwo.

Turai 'yar ƙaninsa ce, karatu ya kawo ta garin Greensboro na Amurka ta sauka a gidansa. Magen kuwa ta marigayiya Inna Kaltouma ce, matar Baffa. Ita ta tsince ta a bayan wani shago, ta sa mata sunan jikarsu da ke Kano don kada sunan ya bar bakinta. Tun bayan Inna, da magen nan Baffa yake karyawa, da ita yake hira in ya dawo daga aiki.

Turai ta gaji. Hannunta ba ya rabuwa da ƙarnin abincin gwangwani, tawul ba ya bushewa a gidan, karatunta ya koma baya. Amma duk sanda ta dubi Baffa yana tsoma yatsa a ruwa yana jiƙa wa magen baki, sai ta haɗiye abin da ta so faɗa.

Wata ranar Asabar da hantsi numfashin Bebi ya tsaya, tana kwance a kan tsohon mayafin Inna. Baffa ya naɗe ta a ciki, ya sa a kwali. Daga kicin Turai ta ji shi yana aika saƙon murya a zauren Hausawan gari, yana cewa Bebi ta rasu, a taya shi da addu'a. Ta san yadda za a ji maganar. Ta zo har bakin ƙofa za ta ce ya gyara, ta ga bayansa a dunƙule, ta koma.

Kafin la'asar motoci sun jeru a ƙofar gida. Hajiya Sa'ida, aminiyar Inna, ta shigo da kular tuwo, idonta jawur. Alhaji Ɗantala mai gareji ya biyo ta da mutanensa. Aka zauna, aka shafa fatiha, aka yi ta jimamin yarinya ƙarama. Da Alhaji ya tambaya ko zazzaɓi ne, ko har an yi mata sutura a Kano, sai Baffa ya dube shi a rikice, ya nuna kwalin da ke gefen kujera.

Can Alhaji ya tuntsire da dariya.

“Haba Jafaru. Mage ai mutuwa take yi, ba rasuwa ba. Ko zaman Amurka ya cinye maka Hausa? Na rufe gareji, na bar motar mutane a ɗage a kan jak.”

Sauran ma suka dara, dariyar waɗanda aka sauke wa kaya. Hajiya ta yi hamdala ta fara laluben takalminta.

“Haka ne,” in ji Baffa. “Ta mutu. Ku gafarce ni.”

Ya miƙe da ƙyar ya ɗauki kwalin, yana neman inda zai tura shi bayan ƙofa.

Turai ba ta saba magana a gaban manya ba. Tana riƙe da tiren kofuna, idonta a ƙasa, ta ji muryarta ta fito.

“Hajiya, a kan mayafin Inna ta cika.”

Hajiya ta dubi gefen mayafin da ya leƙo daga kwalin. Ruwan hoda ne mai bakin zare, ankon wani biki da suka ɗinka tare da Inna. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zare ƙafarta daga takalmin ta koma ta zauna.

“Alhaji, tuwon dai an riga an tuƙa shi,” ta ce. Ta juya wajen Baffa, ta sassauta murya. “Malam Jafaru, ya haƙuri?”

Baffa ya tsaya rungume da kwalin.

“Da godiya, Hajiya.”

Alhaji ya sosa ƙeya, ya yi gyaran murya, ya tambaya ko akwai shebur a gidan, don ƙasar bayan gida tauri gare ta a wannan sanyin, ba aikin tsoho ba ne. Turai ta nuna masa inda yake. Da ta dawo, ta miƙa hannu ta sauke ledar ruwan daga ƙusa. Da saura a ciki, kusan rabi.